Hannun da Ke Ƙarƙashin Tawul

Litinin, da hantsi

Mun dawo gida. Asibiti sun ce nasu ya ƙare, saura gashin ƙashi da haƙuri. Haƙurin nan kuwa duk wanda ya shigo da nasa yake zuwa ya sauke mini a falo, har na rasa inda zan zuba shi.

Na sa an mayar da gadon Injiniya ɗakin da ke manne da ɗakin ɗinkina, don in riƙa jin motsinsa. Tun ina amarya nake kiran mijina da wannan suna, yadda duk telolin layinmu suke kiransa saboda gyaran keken ɗinki. A asibiti kuwa sai na ji wata nas ta ce "mai gadon bakin taga". Wallahi kaɗan ya rage in shaƙe ta.

Ƙafar ta fara ɗaukarsa in da sanda. Bakin ya kusa komawa wurinsa, magana tana fita, a hankali dai. Hannun dama ne. Yana ɗaga shi, yatsun ma suna ɗan motsi, amma ya ce ji yake kamar hannun wani aka ɗinka masa. Sunan abin ba zan rubuta shi a nan ba, na ji shi a bakin likitoci ya ishe ni.

Laraba, da yamma

Mai gashi ta zo, wadda asibiti suka haɗa mu da ita. Sa'ar 'yata ce, amma ba ta da wasa. Ta ce, "Baba, rufe idonka." Ta goga masa auduga a kan yatsu, ta goga mukulli, ta ɗora cokali mai sanyi. Ina tsaye ina kallo. Can ya ce, "Kin fara ne?"

Na shige kicin na buɗe famfo don kada su ji ni.

Da za ta tafi ta ce a riƙa bai wa hannun abubuwa iri-iri yana shafawa kullum, mai laushi, mai kaushi, mai tudu, mai kwari, ido a rufe. Wai makonnin farko ne hannu ya fi farkawa in zai farka. Nan da kusan wata guda za ta sake gwadawa, sannan ta gaya mana gaskiya a kan komawarsa aiki.

Aikinsa kuwa a kan yatsun nan yake. Mutumin da zai ja zare daga kwarkwaron keke da yatsa biyu ya ce maka ya yi tsauri ko ya yi sako-sako, bai ko duba ba. In yatsun ba su dawo ba, shagon ya tafi. In shagon ya tafi, ban san wa zai rage a kan gadon nan ba.

Alhamis, da safe

Na yaye zanen da na rufe kekena da shi tun ranar da abin ya same shi.

Shekara da shekaru shimfiɗar gado nake ɗinkawa, yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya, in bi da layi miƙaƙƙe kamar hanyar jirgin ƙasa. Kwana kaɗan kafin ranar nan na yi masa ƙorafin na gaji da layi. Sai ya sauke haƙoran keken, waɗanda ke jan yadi gaba, ya ƙera mini wata 'yar ƙafa mai tsalle-tsalle a madadin mai danne yadin. Ya ce, "Tela, yanzu keke ba ya jan komai, hannunki ne direba. Ki tura yadin duk inda kika ga dama, allura ta zama biro." Shi ne aiki na ƙarshe da hannun ya yi, ni kuwa ban ko gwada ba.

Yau na gwada. Na yanka ƙananan ƙyallaye, na sa auduga, na maƙale su da fil. In dai tudu da kwari ake so, ai ni ce mai su.

Alhamis, da yamma

Tir! Kamar kaza ta taka yadin. Zare ya dunƙule a baya, ɗinki wani dogo wani gajere. In na tura da sauri allura ta karye, in na yi a hankali ta tsaya wuri ɗaya tana huda yadi. Allura biyu na karya, na zagi keken, na zagi kaina.

Asabar, bayan azahar

Na samu ɗaya ya yi kama da igiyar ruwa. Na shimfiɗa masa tawul a cinya, na sa hannunsa a ƙarƙashi, na tura ƙyallen. Ya daɗe yana jan yatsun a kai.

"Me ka ji?"

"Ban ji ba, Tela."

"Sake dai."

"Ban ji ba."

Na ce ba komai, yau muka fara. Na koma na rufe keken.

Lahadi

Ban ɗinka ba.

Litinin, da hantsi

Ban ɗinka ba. Na dafa shinkafa, shi ya ci da hagu, ni ban ci ba. Gidan shiru kamar an yi mana sata.

Talata, da yamma

Yaya ta zo, yayarsa. Ta zauna a bakin gado tana shafa masa hannun kamar kan jariri, shi kuwa ya tsani haka, na gani a fuskarsa. Da na raka ta ƙofa ta rage murya ta ce mai ginin shagon yana tambaya ko Injiniya zai dawo, don akwai mai son wurin. Ta ce, "Matar ƙanina, ki ba ni mukullin in sa a kwashe kayan a mutunce, tun ba a kwashe mana su a wulaƙance ba."

Na ce, "Yaya, mutum yana raye za a raba gadonsa?"

Ta ce, "Haba, wa ya yi zancen gado?"

Na ce mukulli yana hannuna, kuma a nan zai kwana. Ta tafi ranta a ɓace. Ba mugunta take yi ba, na sani, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Da na dawo ciki ya ce, "Keken ya lalace ne? Kwana biyu ban ji shi ba." Na ce lafiyarsa lau. Ya ce, "To ki sake gwadawa mana. Ki bar ƙofar a buɗe, iska ta riƙa shigo mini."

Laraba, da hantsi

Ya ji! Wallahi ya ji!

Bari in rubuta a tsanake. Da safe na zauna na yi wani sabo, ƙananan zagaye manne da juna, in gama wannan in faɗa wancan ba tare da na ɗaga ƙafa daga feda ba. Inda zare ya zagaye ya kwanta, tsakiyar ta kumburo, sai ka ce tsakuwar bakin rafi. Na kai masa ƙarƙashin tawul. Ya rufe ido, ya ja yatsun. Can ya ce, "Zagaye-zagaye ne ƙanana. Kamar tsakuwa."

Na durƙushe a wurin. Na yi kuka, na yi dariya, na sumbaci hannun nan. Ya ce, "Tela, za ki jiƙa mini tawul."

Na kira 'yarmu a waya na gaya mata. Na kira Yaya na ce ta gaya wa mai gini ya nemi wani shagon ya bai wa mutuminsa, namu da mai shi. Na ci abinci har da ƙari.

Juma'a, da yamma

Layuka sirara a jere, matsattsu, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Ya ce, "Tsinken ashana." Ya canka.

Na gano wani abu. In ɗinki ya matsu yadin yakan yi tauri kamar kwali, wurin da aka bari kuma sai ya tashi. Ashe tudun ba daga ɗinkin yake fitowa ba, daga inda ba a ɗinka ba ne. Gobe zan ninka audugar in ga.

Asabar, da hantsi

Gashin tsuntsu. Wannan ya ba ni wuya, sai an ja ƙashin tsakiya, sannan a riƙa fita ana dawowa gefe-gefe. Na ɓata uku kafin ɗaya ya yi kyan gani. Ina cikin na ƙarshen ya ɗaga murya daga ɗaki, "Allurarki ta dakushe, canza ta." Na duba, haka ne. Mutumin nan da kunne!

Ya canka, har ya ce gefe ɗaya ya fi ɗaya yawa.

Litinin, bayan azahar

Dodon-koɗi. Ya canka.

Kofin shayi ya suɓuce masa, ya zube a kan hannun. Ni na yi ihu, shi kallon kofin kawai yake. Na ce bai ƙone ka ba? Ya ce ai ya huce. Ban sani ba, tururi dai na gani. Wataƙila jin zafi daban, jin tudu daban. Zan tambayi mai gashi.

Ba zan tambaye ta ba.

Laraba, da yamma

Na ce yau mu yi jarrabawa, in haɗa tsofaffin ƙyallayen duka in riƙa zaro ɗaya-ɗaya. Ya ce ya gaji, kansa na ciwo, in kawo sabon da na yi da safe kawai. Na kawo. Ya canka.

Jiya ma haka ya ce.

Alhamis, da hantsi

Na yi ganyaye masu jijiya da zare mai kauri. Sun yi kyau, ko ni na tsaya ina kallo. Hannuna ya fara sanin tafiyar, ƙafa da hannu sun daina faɗa. A da in na yi abu mai kyau haka sai na zagaya da shi gidan maƙwabta. Yanzu ba na son kowa ya gani sai yatsu huɗu da babban yatsa.

Asabar

Ba zan iya rubutawa ba.

Lahadi, da safe

Bari in rubuta, ko na samu ya fita daga ƙirjina.

Jiya na sake yin tsakuwa, manya da ƙanana a gauraye. Ina gamawa tukunya ta kama a kicin, na tashi a gurguje. Ban bi ƙyallen na cire fil ba, abin da ko mai koyo ba ya mantawa. Na kai masa haka nan, ƙarƙashin tawul.

Ya ja yatsun, ya ja, ya danna. Fuskarsa lau, har da ɗan murmushin nan na gefe ɗaya. Ya ce, "Tsakuwa ce, amma yau akwai manya a ciki. Ta yi laushi, Tela."

Na yaye tawul. Farin yadi ya yi ja. Fil ya shige masa a yatsan tsakiya, ya shige sosai, yana nan a tsaye, shi kuwa idonsa a rufe yana jiran in ce ya canka.

Na ce, "Ka canka. Kada ka buɗe ido tukuna." Na zare fil ɗin, ko gezau bai yi ba. Na cusa ƙyallen a aljihu, na goge yatsan, na manna filasta. Da ya gani ya ce mene ne, na ce farcensa ne ya tsage. Ya dube ni, na dubi taga.

Lahadi, da yamma

Jinin bai fita daga yadin ba. Na wanke har sau nawa.

Litinin, da hantsi

Na so in ƙaryata kaina. Na ce wataƙila yatsa ɗaya ne bai farka ba, sauran suna ji.

Sai na zauna na yi tsinken ashana a kan wani tsumma, ƙofa a buɗe kamar kullum. Ina yi ina sauraron keken da kunnensa. Dirr, tsaya. Dirr, tsaya. Na tuna tsakuwa, ita kuka ɗaya take yi dogo ba numfashi. Gashin tsuntsu kuwa tashi yake yana sauka. Yo ni ma da na saurara ai na ji bambancin, balle mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane ciwon keke tun daga bakin ƙofa.

Na ajiye tsumman, na ɗauko tsohon ƙyallen igiyar ruwa na kai masa.

Ya ce, "Tsinken ashana."

Na ce, "Ka canka."

Talata

Iska yake so ta shigo masa. Iska! Ni kuma sakarya na bar ƙofa a buɗe.

Laraba, bayan azahar

Na ɗinka, ya canka. Ya yi murmushi, na yi murmushi. Maƙaryata biyu a gida ɗaya, kowa na lallaɓa ɗan'uwansa.

Haushinsa nake ji, wallahi haushinsa nake ji, har ba na son haɗa ido da shi in ina ba shi magani. Ya sa na kira duniya na ce hannu ya farka. Ya sa na yi wa Yaya rashin kunya. Sai kuma in ga yadda yake kokawa da maɓallin riga da hannun hagu, yana ɓoye wa kada in gani, haushin ya narke ya bar ni da abin da ya fi shi ciwo.

'Yarmu ta kira tana murna, wai ta gaya wa mijinta Baba zai koma shago. Na ce Allah ya sa.

Juma'a, da safe

Gobe mai gashi za ta yi gwajin. Ita ba ta da keke.

Asabar, da yamma

Auduga, mukulli, cokali. Ta ƙara da soso da wani abu mai tsini. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, ya yi ta canka. Da ta goga auduga ya ce mukulli. Da ba ta taɓa shi ba sam ya ce ya ji sanyi. Yarinyar nan ta ce, "Sannu Baba, ka yi ƙoƙari," da irin muryar da ake yi wa yara.

A bakin ƙofa ta ce, "Mama, kin ce yana gane ɗinki." Na ce na ce. Sai ta ce ba a yanke ƙauna, akwai waɗanda yake dawo musu daga baya, amma maganar aikin hannu irin nasa kada mu ɗora rai a kai. Za a ci gaba da gashi don kada yatsun su sandare. A kula da wuta da abu mai kaifi, don zai iya jin ciwo bai sani ba. Na ce na sani.

Da na koma ɗaki yana zaune, hannun a cinya, yana kallon filastar.

Ya ce, "Ba farce ba ne, ko?"

Na ce, "Fil ne."

"Tun ranar kika sani?"

"Tun ranar."

Sai bakina ya ɓalle. Na ce me na yi maka, Injiniya? Me ya sa za ka mayar da ni mahaukaciya, ina rawa a kan abin da babu? Na faɗi maganganu, wasu ba zan maimaita su ko a nan ba. Ya bar ni har na gaji.

Sannan ya ce, a hankali, yadda maganar take fita yanzu, "Ranar da na ce ban ji ba, kin rufe keken. Kin daina cin abinci. Ina kwance a nan ba na jin komai a hannu, ba na jin komai a gida. Na ce in ɗaya ya mutu, kada ɗayan ya bi shi."

Na ce, "Shi ne ka yi mini ƙarya."

Ya ce, "Ke ma ai kin ce na canka."

Na zauna a ƙasa na jingina da gadon har aka kira magariba.

Litinin, da hantsi

Na kai wa Yaya mukullin da kaina. Na shirya jin "ai na gaya miki", ba ta ce ba. Ta riƙe ni muka yi kuka a tsaye a zaurenta. Na roƙe ta gafara, ta ce, "Wace gafara, ke da kike ɗauke da shi."

Shi ne ya ce in kai. Da safe ya zaro shi daga ƙarƙashin filo, ashe ya ɗauke daga jakata tun tuni. Ya miƙo mini da hagu, bai dube ni ba.

Talata

An kwashe shagon. Kayan suna cikin kwalaye a bayan ƙofar falo. Na rufe su da zanen gado don kada ya gani in zai wuce banɗaki. Ya gani.

Laraba

Ban ɗinka ba. Wa zan ɗinka wa?

Alhamis, bayan azahar

Bai ci abinci ba. Ya juya fuska bango tun safe. Yau na gane shirun da yake faɗa, har ƙarar firij nake ji daga nan.

Juma'a, da yamma

Da hantsi na yaye zanen keken, ba don komai ba, don na rasa inda zan sa kaina. Na bar ƙofar a buɗe. Ban yi tsakuwa ba, ban yi ganye ba, na dai tura yadin duk inda hannu ya je, in matse nan, in saki can, in koma kan wanda na riga na yi. Hawaye ma bai bar ni na ga allurar sosai ba.

Can na ji muryarsa daga ɗaki. "Tela, wannan ban san shi ba."

Na ce, "Ni ma ban san shi ba."

"Kawo in gani."

Na bi shi da yatsa na cire fil ɗaya-ɗaya, na sake bi. Na kai masa. Na ɗauko tawul don sabo, sai na tsaya da shi a hannu, na mayar. Shi kuma ya miƙo hannun hagu.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Makonnin nan duka hannun dama nake tura wa, ƙarƙashin tawul, ina gamawa in ɗauke in ɓoye don kada ya gani ya gane na gobe. Ko ɗaya bai taɓa ji ba, ko ɗaya bai taɓa gani ba.

Na koma na kwaso su duka na zube masa a cinya. Ya ɗauki tsakuwar farko, ya rufe ido, ya bi ta da babban yatsa, zagaye bayan zagaye, ya daɗe. Ya ɗauki gashin tsuntsu, ya ɗauki ganyen, ya juya bayansa ya shafa zaren ƙasa.

Ya ce, "Ashe haka suke."

Na ce, "Haka suke."

Ya ce, "Kin iya, Tela. Zaren ƙasan ne ya ɗan yi tsauri. Da na sassauta miki."

Hannun dama yana kwance a gefe, a kan zanen gado, da filastarsa. Ƙyallen dodon-koɗi ya zame ya faɗa a kansa, bai sani ba. Na bar shi a wurin, na tafi ɗora ruwan shayi.